Ƙoƙon Ƙarƙashin Riga

Ku riƙe shayinku, ba zan sha ba. Ɗazu ina kallo kuka miƙa wa birin nan kofi, ya zura yatsunsa har ƙasa yana laluben sukari, kuna ta ƙyalƙyala dariya. Sannan Lawali ya ɗauraye kofin da ɗan ruwan da bai cika cokali ba, ya mayar da shi cikin faranti. Kafin ya zura yatsun nan, kun ga inda ya sosa da su? Ni na gani. Idona ya tsufa, amma bai tsufa ga wannan ba.

Na ji labarinku. Kun saye shi hannun wani makiyayi da ya sauko daga Tagriss, kun ɗaura masa igiyar shanya a wuya, wai za ku riƙa zaga kasuwanni da shi. Wai wasan biri ba sana'a ba ce, kiɗa ne da tsalle, kowa ma ya iya. Sannunku da ƙoƙari. Ni Illa na ci abinci da wasan biri tun barikin Dakoro yana sabo, lokacin da Nasara ke mulki, har sunana ya ɓace aka koma ce mini Mai Biri. Ku matso ku ji abin da ake yi kafin a kai ga kiɗan. In kun ji har yanzu kuna so, ga ku ga birinku.

Aikin farko da maigidana Nomau ya ba ni a Korahane kwasar kashi ne. Na je wurinsa ina saurayi kamar ku, kaina na hayaƙi, ina tsammani ranar nan za a rataya mini ganga. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini tsinke da sakaina, ya nuna mini gindin turakun biransa.

"Kowace sahiya, kahin ka sa komi bakinka, ka tona wanga da tsinke," in ji shi. "Ka zo ka hwaɗa min abin da ka gani."

Na ce, "Baba, ni hwa wasa na zo koyo."

Ya ce, "Yo wasan ke nan, ɗan nan. In bai yi maka ba, ga hanya."

Damina ta wuce, rani ya wuce, ina tsugune ina tona. Na san gutsattsarin tsila, farare masu motsi kamar ƙwayar shinkafa. Na san doguwar tsutsa mai fitowa a naɗe, da siririya wadda sai ka karkata sakaina ga rana kake ganinta. Na san majina, na san zaren jini. Abin da ya fi ba ni mamaki, birin da cikinsa ke cike da su ba lalle ne ya rame ba. Sai ka gan shi gashi na sheƙi, yana tsalle yana wage baki, da safe ka tona ka tarar da abin da zai hana ka karin kumallo. A daji ya saba da kayansa, yana yawo da su lafiya lau. Mutum ne ba ya iya ɗaukarsu, balle ɗan yaye.

Sabon kamu ba a shigowa da shi gida. Can bayan danga ake kafa masa turke, nesa da randa, nesa da hanyar rijiya, ya zauna nan har wata ya mutu wani ya tsaya, wani lokaci fiye da haka. Ana jiƙa sassaƙen marke da na maɗaci da ɗan kanwa, a cuɗa masa cikin gumba, don in ya ji ɗacin tsura ba zai taɓa ba. Kashinsa a haƙa rami a binne, ba a watsa shi bayan gida awaki su bi ta kai. In wurin ya ɓaci a tumɓuke turken a kai sabon rairayi, a zuba ƙaiƙayi a tsohon wurin a cinna wuta. Sannan ga dokar hannu, wadda Nomau ya koya mini da tsumagiya: hagu ta biri ce, dama ta mutane. Da hagu kake riƙe sarƙa, da ita kake ba shi abinci. Dama ba ta taɓa shi ko da ya faɗa wuta, sai dai ka cire shi da hagu. Har yau in kun lura ba na karɓar goro da hannuwa biyu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Ɗamarar fata a ƙugu ake ɗaura wa biri, ba igiya a wuya ba kamar yadda kuka yi wa wannan, kuna jiran ranar da zai yi tsalle ya rataye kansa. Sarƙa ta maƙera, mai ƙarfe mai juyawa a tsakiya don kada ta murɗe. Ƴar ganga, tsumagiya wadda nuni ake yi da ita ba duka ba, ƴar jar hula, sandar kara, gorar ruwa, da burgami na zuba su. Sai riga. Mai wasan biri ba ya sa ƴar shara ko da zafi zai kashe shi. Babbar riga yake sawa mai faɗin hannu, wadda in ya zauna ya tanƙwashe ƙafa za ta rufe gwiwoyinsa ta zuba a ƙasa. Na daɗe ina ɗauka don ado ne.

Birin da na yi suna da shi mace ce, ja, irin na kwarin Tarka masu dogayen ƙafafu. Cikin watan azumi muka samo ta tana jaririya, uwarta karnukan mafarauta sun kashe, shi ya sa na sa mata Azumi. Ni na raine ta da nonon akuya a tsumma. Ta iya gaisuwar soja, ta ƙame ta kai hannu goshi. Ta iya tafiyar tsohuwa mai ciwon baya. Ta iya tsayuwar makiyayi, ƙafa ɗaya a naɗe, sanda a wuya, tana hangen shanun da babu su, har Fulanin da suka zo sayar da nono su riƙa riƙe ciki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ci mini watanni, da cizo a yatsa, da gyaɗar da ni kaina ban samu na ci ba. Ku kuna tsammani nuna masa za ku yi sau biyu ya ɗauka.

Masu kallo iri-iri ne. Akwai ƴan kasuwa masu dariya kyauta su wuce. Akwai dogaran kumandan, Baturen da ke mulkin bariki, su ba sa bayarwa, sai dai su sa ka maimaita. Matar kumandan kan aiko a kai mata Azumi bariki, ta zauna a inuwa tana tafi, ta ba ta sukari mai ƙwaya, ni ta ba ni tsohuwar riga. Amma duk waɗannan ba su ke ciyar da mai biri ba. Mata ke ciyar da shi, matan da ɗansu ya isa tafiya ya ƙi tashi. A ƙasar nan an yi imani cewa in yaro ya sha ragowar ruwan da biri ya sha, ƙafarsa za ta yi sauƙi ya miƙe. Uwa za ta zo da ɗanta a goye da ƙwaryar gero a ka, ta tsuguna gabanka bayan an tashi wasa. Kai kuma ka zuba ruwa a ƙoƙo, biri ya sha, ya tsoma hannu ya wanke yatsu kamar yadda suka saba, ka miƙa wa uwa ta ɗura wa ɗanta. Haka kowa yake gani daga waje.

Ranar da Nomau ya yarda na isa, ya kai ni bayan rumbu inda ba kowa, ya zauna ya baza rigarsa. Ya zuba ruwa, birinsa ya sha ya dagula, ya buga ganga birin ya wuntsila, ya miƙo mini ƙoƙon ya ce in sha. Ni da na shekara ina tona abin da yatsun nan ke sosawa, na ce wallahi sai dai ya kore ni. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ɗage rigar. Ƙoƙo biyu ne. Duma ɗaya aka fafe gida biyu, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, sai ɗan tabon wuta a bakin na birin wanda babban yatsa kaɗai ke ji. Na mutane yana zaune tsakanin ƙafafunsa tun kafin a fara wasa, da ruwan rijiya mai tsabta a ciki. Lokacin da birin ya wuntsila, idon kowa ya bi shi sama, hagu ta ja na birin ƙarƙashin riga ta kife shi, rairayi ya shanye ruwan, dama ta fito da ɗayan.

Na ce, "Baba, to don mi ba za a ce masu a'a ba kawai?"

Ya ce, "Gwada ka gani. Matan ga ba su bari. In ka hana su, bayan idonka za su bi su kwashi na kaskon turke, wanda ya kwana. Gara su zo wurinka." Ya kama kunnena da dama. "Kuma wanga abu ba a hwaɗa ma wanda bai tona kashi ba. Ranar da kasuwa ta sani, ka gama cin abinci a cikinta. Rantse."

Na rantse. Sannan na shiga koyon juyin da ƙoƙo cike, har na iya yinsa ba ɗigo ɗaya a riga.

A Dakoro na kafa kaina bayan Nomau ya rasu, gindin wata aduwa a gefen masu sayar da tabarmi. Ƴaƴan garin nan da suka sha ruwa a hannuna ba su ƙirguwa, wasu kakanninku ne. A cikin matan akwai Tsahara mai fura, matar wani majemi, mace mai ƙarancin magana. Ta kawo mini ƴarta ta fari, aka yi abin da ake yi, bayan ɗan lokaci yarinya ta miƙe kamar yadda yara ke miƙewa in lokacinsu ya yi. Tun daga nan duk ranar kasuwa sai ta aiko mini da dunƙulen fura, ɗaya nawa, ƙarami na Azumi.

Sai shekarar da damina ta yi gardama ta zo. Tafkunan arewa suka ƙafe tun kaka, birai suka baro daji suka sauko bakin rijiyoyi suna lasar laka a magudanar shanu. Makiyayan wajen Azagor suka riƙa kama su da hannu kamar kaji, suna kawowa kasuwa. Kafin ka ce me, duk wanda gonarsa ta ƙone ya zama mai wasan biri. Wani da igiyar jaki, wani da tsumma a wuyan dabba, suna buga gwangwani. Cikinsu wanda ya fi kowa baki shi ne Bawa, mai jakai ne da, jakunan suka mutu. Ya daɗe yana tsayuwa cikin ƴan kallona, hannu a ƙugu, ya ga duk abin da ake gani daga waje, ya ɗauka ya gama karatu. Ya samo wani ƙaton namiji wanda ko kwana bai yi a turken bayan danga ba, ya kafa shi daura da ni, ya sayi ƙoƙo guda ɗaya.

Birin bai iya komai ba sai cizo, amma Bawa ya iya talla. "Ku zo ga ɗanyen biri, jiya-jiya daga daji! Na Illa ya zama ɗan gida, ƙarhinai ya tahi! Ni ba ni ruhe komi da riga, uwa ta amsa da hannunta daga bakin biri!" Mata kuwa suka ga gaskiya ce, ga shi a ƴar shara, hannuwa a fili. Suka koma can.

Da aka tashi kasuwa na zagaya bayan turkensa na duba, don ido ya saba. Majina ce da jini, birin yana zaune a ciki, yana dafawa da hannu. Na same shi na ce, "Bawa, ka bar ba ɗiyan mutane ruwan ga. Dabbar ga cikinta ba lahiya. Kai ta bayan gari, ni zan ba ka magani."

Ya ce, "Kai naka ruwan bai kashe kowa ba, sai nawa?"

Na ce, "Zo ka zamna wurina ka koyi aikin tun daga tushe, za ka ga bambancin."

Ya juya ga jama'a yana tafa hannu. "Kun ji baƙin ciki! Wai in zo in kwashe mai kashin biri!"

Aka yi mini dariya. Na bi matan da na sani ɗaya-ɗaya na ce kada su je, suka ce kishin sana'a ne. Tsahara ma na gaya mata, lokacin tana goye da ɗanta Idi wanda ya yi nauyin ƙafa. Ta sunkuyar da kai ta ce uwar mijinta ce ta ce a kai shi wurin ɗanyen.

Ba a daɗe ba zawo ya shiga yaran. Ba irin na haƙori ba, atuni ne mai jini, yaro ya yi ta murɗa yana kuka har muryar ta ɗauke. Ga shekarar yunwa, jikinsu ba abin da zai tare. Likitar Dakoro, asibitinmu ke nan, ɗaki biyu ce a lokacin, ta cika har waje, uwaye zaune a rairayi da yara a cinya. Wasu suka tashi. Wasu ba su tashi ba, Idi na cikinsu.

Lokotoron, wato mai duba marasa lafiya a wurin, wani dogon Badamagare ne, ba Bature ba, mutum mai tambaya kamar alƙali. Shi ya bi uwayen da tambaya har ya gano abin da ya haɗa yaran, ya kai wa kumandan. Washegari dogarai suka bi gari suna tattara birai. Ba su tambayi wane ne ya iya aiki wane ne bai iya ba. Suka fizge sarƙar Azumi daga hannuna, suka ɗaure ta a gindin gawon bariki tare da na Bawa da sauran, aka ce gobe da hantsi za a harbe su duka. Na raine ta tun tana cika tafin hannu, ita ce gonata, ita ce jakina. Tana ta miƙo mini hannu tana ƙara, dogari yana kore ni da gindin bindiga.

Na tafi wurin lokotoro da ƙarfin gwiwata. Na ce masa tawa ba irin waɗancan ba ce, tana shan marke da maɗaci, kullum ina dubawa, ya je ya tona da kansa. Bai yi mini gardama ba. Ya aika aka ɗebo kashin birin Bawa da na Azumi, ya lakato ɗan mitsitsi ya shafa a gilashi, ya ɗiga ruwa, ya sa ƙarƙashin wani madubin ƙarfe mai ido ɗaya. Ya ce in rufe ido guda in leƙa. A na birin Bawa na ga abin da ban taɓa gani ba duk tonon da na yi: ƙwayaye birjik, da wasu halittu kamar ɗigon majina suna miƙa jiki suna ja. Ya ce irinsu ne a cikin yaran. Sannan ya sa na Azumi. Ba su kai na wancan ba ko kusa, amma suna nan. 

"Maganinku yana kashe manyan, waɗanda ido ke gani," in ji shi. "Ƙananan nan ba su san marke ba. Ban taɓa duba birin da ba shi da su ba." Ya goge gilashin. "Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Na tambayi matan nan kaf, ba a kawo mini yaro ko ɗaya da ya sha a wurinka ba. Me ya sa?"

Na kama gyaran hannun rigata.

Ya ce, "To. Abin da madubi ya nuna shi zan faɗa wa kumandan. In kana da magana, ka zo da ita gobe."

Da hantsi filin bariki ya cika. Kumandan ya fito ya zauna a kujera da hularsa mai faɗi, lokotoro a gefensa yana juya magana. Matan gari sun yi layi a rana, Tsahara a can ƙarshe da zane a ka. Bawa yana tsugune yana kuka yana cewa shi bai san komai ba, kuma wannan kam gaskiya ya faɗa. Dogarai biyu suna ɗura harsashi. Na tuna rantsuwata, na tuna abin da Nomau ya ce zai faru ranar da kasuwa ta sani. Na dubi Azumi, ta gan ni, ta ƙame ta kai hannu goshi, don ta ga masu kaki ta ɗauka wasa aka zo. Na matsa na raɗa wa lokotoro magana a kunne.

Ya dube ni, ya juya ya faɗa da Faransanci. Kumandan ya ɗaga gira, ya yi wata magana gajera.

"Ya ce bai yarda ba," in ji lokotoro. "Matarsa ta sha kallonka, ba ta ga haka ba. Ya ce ka yi a nan, yanzu."

Na ce, "Gaban matan ga?"

"Gabansu."

Aka kwanto mini ita. Na koma bayan gawo na shirya kamar yadda nake shiryawa kullum, na dawo na zauna na baza riga. Na zuba ruwa, Azumi ta sha, ta tsoma hannu biyu ta dagula. Na buga ganga, ta tashi sama ta wuntsila, har kumandan ya bi ta da ido. Na miƙa wa dogarin da ke kusa da ni ƙoƙo na ce ya sha. Ƙaton mutum da bindiga ya ja da baya kamar na miƙa masa maciji. Ban taɓa yin juyin da ya kai na ranar nan kyau ba. Na kafa kai na shanye ruwan, sannan na kama bakin rigata na ɗage ta har gwiwa. Ga ɗayan ƙoƙon a kife, ga rairayi jiƙe. Na ɗauko shi na nuna musu ɗan tabon wutar bakinsa da nake bambance su da shi.

Kumandan ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Matan ba su yi dariya ba. Wata tsohuwa mai daddawa, wadda jikokinta duka a hannuna suka sha, ita ta fara.

"La ilaha illallahu! Ashe ruwan rijiya kake ba ɗiyanmu, macuci! Ka ci geronmu a banza!"

Na ce, "Inna, jikokinki ba su yi tahiya ba?"

"Sun yi, da ikon Allah!"

"Suna da rai?"

"Kai ka ba su ran? Shi dai Bawa bai yi muna ƙarya ba. Abin da ya ce shi ya bayar!"

Sauran suka ɗauka. Ku ji fa, ga mutumin da ya ɗura wa ƴaƴansu ciwo yana tsugune a gabansu, amma ni ake nunawa da yatsa. Wata ta jefe ni da takalmi. Tsahara kuwa idonta na kan jiƙaƙƙen rairayin nan.

Kumandan ya yanke hukunci. Azumi a bar mini ita, lokotoro ya ba ta maganin likita. Sauran aka ja su bayan bariki. Da bindiga ta fara tashi Azumi ta cusa kanta cikin hannun rigata, na riƙe ta da hagu muka fita. Bawa ya yi ƴan kwanaki a kulle a kaso ya fito, gari yana ba shi haƙuri, wai bawan Allah tsautsayi ne ya faɗa masa. Ni kuwa ranar kasuwa ta gaba na tarar an zuba ƙaya a gindin aduwata. Sarkin kasuwa ya ja ni gefe ya ce mata sun ce in na zauna su za su tashi, in yi wa Allah in nemi wani wuri. Furar ranar kasuwa ma ba ta sake zuwa ba.

Na koma Korahane da ƙananan kasuwannin ƙauye, inda labarin ya riga ni isa. Ana kallon wasa, a yi dariya, a watse, ba mai tsugunawa da ƙwaryar gero. Na yi noman ƙodago, na yi dakon itace, Azumi tana bina. Na ci wuya shekarun nan, kuma ban yafe wa tsohuwar nan mai daddawa ba har ta mutu. Duk da haka ban daina sa ƙoƙon mutane ƙarƙashin riga ba in zan zauna wasa, hannu ya riga ya saba.

Wata ranar kasuwar Korahane, bayan damina biyu ko uku, na gama wasa ina naɗe sarƙa, sai ga mace ta sauko daga jaki da goyo. Ta jira har mutane suka ragu, ta zo ta tsuguna, ta sauke ƙwaryar gero. Sai da ta janye zane daga fuska na gane Tsahara ce. Ta kwanto yarinya ƴar kumbul, ta isa tafiya amma tana rarrafe.

"Sunanta Barmani," in ji ta. "Wani ya zo Dakoro da sabon biri. Ƙoƙonai guda. Uwar mijina ta ce lalle sai an kai ta wurin mai biri. Na ce to, zan kai ta."

Na ce, "Tsahara, ke hwa kina wurin. Kin san ruwan rijiya ne."

"Na sani. Shi nike so." Ta gyara wa yarinyar zama a cinya. "Amma ka yi shi duka, Mai Biri, da gangar da komi. In an tambaye ni in rantse ban yi ƙarya ba."

Na koma na zauna na baza riga. Azumi ta tsufa lokacin, gashin bakinta ya yi fari, amma ta sha, ta wanke yatsunta, na buga ganga ta tashi. Tsahara ta ɗaga kai ta bi ta da ido kamar kowa, ta kuma bar idonta a can sama har sai da na ce mata ga shi. Ta karɓa daga damata, ta shafa bakin ƙoƙon da babban yatsa ta zagaye shi kaf, ba ta ji tabo ba, sannan ta kai bakin yarinyar. Barmani ta sha, ruwa na zuba a haɓarta, ta miƙa hannu tana son kama wutsiyar Azumi. Uwar ta cafke hannun ta mayar cikin zane.

Na ce, "Allah shi sa ta miƙe da wuri."

Ta goya ta, ta ɗaure zanen tamau, ta ce, "Ko da rarrahe za ta tsuhwa, ni dai a bar min ita."